Wayar da Ta Kira Modibbo

Naja'atu 'yar Malam Ɗanmusa mai ɗinki ta Gummi ba ta da surutu, amma yatsunta sun fi bakin mata goma aiki. Tun tana ƙarama haka take. Mata na tsakar gida suna tsinkar zogale suna cin naman mutane, ita tana gefe tana kwance rediyon babanta. Da ta gama karatu a Sakkwato ta dawo da kwamfuta a jaka, matan unguwa suka ce to madalla, an samu mai gyaran waya a kusa. Ba gyaran waya ta koyo ba. Wata ƙungiya mai kula da yaran da gubar dalma ta taɓa ce ta ɗauke ta aiki a Anka, ita da wani Bilyaminu mutumin Bukkuyum, wanda in ya shigo ɗaki sai ka rantse a kwalbar turare ya kwana.

Yaron da dalma ta shiga jininsa ba a ba shi magani a ce shi ke nan. Sai an yi ta duba jinin lokaci bayan lokaci, shekara da shekaru. Uwaye kuwa ga daka, ga gona, ga tatsa, rana sai ta wuce musu. Shi ya sa su Naja'atu suka gina manhajar da ke kiran wayoyin gidaje duk Alhamis da ƙarfe goma na safe. Muryar Balaraba ce a ciki, nas ɗin asibitin, mace mai baki kamar reza da zuciya kamar auduga. Sai ta ce, "Salamu alaikum. A kawo," sai ɗan gurbi, "asibiti ranar Litinin a duba jini." A gurbin nan muryar uwar yaron ce da kanta take faɗin sunan, wadda aka ɗauka ranar rajista. Dalili kuwa, Balaraba ta taɓa gwada sunayen Fulani da bakinta, matan ruga suka yi ta dariya har da riƙe ciki, ta yi rantsuwa ba ta ƙara ba.

Ƙauye arba'in da shida ne a manhajar, kowanne da ɗakinsa a ciki. Su masu aikin kilas suke ce wa ɗakin. An raba su ne saboda kowane ƙauye da yadda yake sanin 'ya'yansa: wani da unguwa, wani da sunan uba, wani da lambar kati. A samansu duka akwai wata takardar sharaɗi da suke kira intafes, wadda duk abin da aka rubuta a cikinta dole kowane ɗaki ya iya shi. Abu uku ne a ciki: nemo yaro, sa masa rana, kira waya. Babu wanda ya tuna ya rubuta na huɗu, wato daina kira.

Ɗaki na talatin da ɗaya Naja'atu ta fi so, don da hannunta ta gina shi shekara biyu da suka wuce. Na Rugar Ardo Muttaka ne, can bayan Bukkuyum. Ita da Balaraba suka je rajista a bayan babur, ƙafafunsu duk ƙaya. A can ta haɗu da Dija, doguwar Bafulatana mai ɗan yaro shekara huɗu. Yaron ya zare wa Naja'atu tabarau daga fuska, ya maƙala a kife, ya goya hannu a baya yana takawa a hankali kamar mai zuwa jan salla. Ruga ta ɗauki dariya. Da aka miƙa wa Dija waya ta faɗi sunansa, sai ta rufe baki da gefen mayafi, ta yi ta murmushi, can ta ce, "Modibbo." Wato malami, da Fillanci. Ta cika musu ƙwarya da kindirmo, ta raka su har bakin rafi.

To, wata Laraba da safe wani magidanci ya shigo asibitin Anka daga wajen Duza. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ajiye ƙaramar waya a teburin Balaraba ya ce, "Malama, ɗiyata Lubabatu ta rasu tun azumi. Ku hwaɗa ma wagga aba ta bar kiran uwatta."

Balaraba, wadda ko gawa aka kawo sai ta sami abin faɗa, Allah ya ba da haƙuri kawai ta ce masa. Da mutumin ya fita ta shigo ɗakin su Naja'atu ta dire musu wayar.

"Ku masu ilimi, kun gina abin da ya iya sallama bai iya ta'aziyya ba."

Ba wai ba a san yaran da suka rasu ba. Masu unguwanni da ardo-ardo suna aiko da takarda, Balaraba tana shigarwa a jeri guda. Sai dai jerin na gefe, mai kiran na gefe, ba su taɓa gaisawa ba. Shugaban aikin ya bugo daga Gusau ya ce kafin goma na safiyar gobe a gyara, kada uwa ɗaya ta sake jin wannan kira. Naja'atu ta ce in Allah ya yarda. Ba shugaban take yi wa alkawari ba, wayar da ke kan tebur take kallo.

Ta buɗe takardar sharaɗin ta ƙara layi ɗaya: daina kira. Nan take allon ya yi ja wuri arba'in da shida, kowane ɗaki na kukan an ɗora masa aikin da bai iya ba. Ta shiga na farko ta karanta yadda yake neman yara, ta rubuta masa nasa. Ta shiga na biyu. Aka kira azahar, aka kira la'asar, tana ɗaki na biyar. Janareton ofis kuwa da magariba ake kashe shi, mai gadi ya kulle ƙofa, don garin ba a son zirga-zirga bayan duhu.

Bilyaminu ya turo kujerarsa, turarensa ya riga shi isowa.

"Hajiya Naja, haka za ki bi su ɗai-ɗai kamar mai tsintar tsakuwa cikin shinkahwa? Sai sallar layya ki ƙare."

"To ya kake so in yi? Kowane da halinshi."

"Matsa ki gani."

Ya ɗora alama a kan jan layin, ya danna maɓalli biyu tare. Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko a saka wa duka. Ya ce a saka. Kafin ta ƙifta ido sabon aikin ya shiga sauran ɗakuna arba'in da ɗaya, ko'ina fanko, sai suna. Sannan ya rubuta layi uku, ya sa aka zuba su a duk gurbin a lokaci guda: ɗauko suna daga jerin waɗanda suka rasu, nemi sunan a ɗaki, in an samu a rufe kira. Jan nan ya ɗauke kamar an share da tsumma.

Naja'atu ta ce, "Ba mu ko buɗe su ba."

"Ja ya tahi ko bai tahi ba?"

"Ya tahi."

"To mi kike so ki gani ciki, surukarki?"

Ta yi dariya, ba ta so ba amma ta yi. Suka gwada da Lubabatun mutumin Duza, kiran ya rufu. Suka gwada da wasu yara uku na cikin gari, duk suka rufu. Ta bi jerin marigayan da ido sau ɗaya, suna talatin da wani abu, ta ce Allah ya sa masu ceto ne. Akwai wani Abdussamad a ciki. Idonta ya bi ta kansa ya wuce, don ba ta san wani Abdussamad ba.

Gaskiya a faɗe ta, ta ji daɗi ranar. Har tsire Bilyaminu ya aika aka sayo, suka ci da Balaraba kafin a kashe wuta.

Alhamis ta zo, kira ya fita, ba wanda ya zo da ƙorafi. Juma'a ta hau mota ta tafi gida Gummi. Innarta na bakin murhu ta ɗago ta ce, "Turai, kin iso?" Haka take ce mata. Shekara ashirin da bakwai Inna ba ta taɓa furta Naja'atu ba, don ita ce 'yar fari. In maƙwabciya ta leƙo ta ce ina Naja'atu, sai Inna ta nuna ɗaki da haɓa ta ce, "Waccan tana ciki." Naja'atu ta saba har ba ta ji.

Tana cin tuwo tana ba Inna labari, har da ɗaga yatsu biyu. "Da waɗannan, Inna. Ɗaki arba'in da ɗoriya, kamin ki tsame ludayi daga miya."

Inna ta ce, "Ikon Allah. Ni ko ɗaki guda, in ban ɗaga tabarma ba ban cewa na share."

"Inna, wannan ba irin ɗakinku ba ne."

"Awo. Naku na masu boko ba shi tara datti."

Litinin da hantsi Naja'atu na zaune a ofis Balaraba ta leƙo. Ba ta yi tsiya ba, ba ta zagi turaren Bilyaminu ba. Ta ce, "Taho."

A barandar asibitin mata sun cika benci, kowacce da yaro, wani a baya, wani a cinya, wani na jan zani. A can ƙarshen benci Dija ce zaune. Ta rame har wuyanta ya ƙara tsawo. Ƙafafunta sun yi futu-futu da taɓon hanya. Ba kowa a bayanta, ba kowa a gefenta. Katin asibiti ne kawai a hannunta, ta riƙe shi da hannu biyu.

Naja'atu ta durƙusa a gabanta. "Adda Dija, sannu da hanya. Ina malam nawa mai satar tabarau?"

Balaraba ta danne mata kafaɗa da ƙarfi, amma magana ta riga ta fita.

Dija ta ce, "Ya koma, Malama. Farkon damina. Jijjiga ta kama shi da rana, kamin a samo babur ya tahi."

Naja'atu ta ce innalillahi, bakinta ne kawai ya faɗa, kanta bai kai ga fahimta ba tukuna.

"An ce a kawo shi," in ji Dija. Ta ciro waya daga ƙullin zani ta nuna. "Alhamis ukku tana kira. Na hwari na sa ta cikin ƙwarya na rufe da faifai. Na biyu ma haka. Wanga karo ina tatsa ta yi kuka, na ɗauka. Na ji wannan baiwar Allah ta yi sallama, sai na ji ni da kaina ina kiran shi, ina dariya." Ta shafa katin da babban yatsa. "Na san ba shi nan. Ba hauka ni kai ba. Na dai ce ko akwai abin da ya rage ban yi mishi ba, shi ya sa kuke ta nema."

Tun asuba ta baro ruga, ta taka zuwa bakin titi, ta hau motar itace zuwa Anka. Kiran na ukun nan, na Alhamis ɗin da ta wuce, shi ne wanda Naja'atu ta ce in Allah ya yarda ba zai fita ba.

Naja'atu ta tashi ta koma ofis ba ta ganin gabanta sosai. Ta buɗe ɗaki na talatin da ɗaya, wanda ranar Laraba ba ta buɗe ba. A can sama, layin farko, ga abin da ta rubuta da hannunta shekara biyu da suka wuce don tunatar da duk wanda zai shigo: "A nan uwaye ke yin rajista. Ba su faɗin sunan ɗan fari. Nemi yaro da sunan uwarsa." A ƙasa kuma ga layi ukun da aka zuba wa kowa. Sun ɗauko sunan yanka daga takardar Ardo, sun nema a ɗakin da ba a taɓa rubuta sunan yanka ba, ba su samu ba, suka yi shiru abinsu. Ba ja, ba ƙara, ba komai.

Bilyaminu ya karanta ta bayan kafaɗarta. Can ya ce, "Ni na ce a yi hakanan."

"Ni na rubuta wancan na sama," ta ce. "Ni kuma Inna ke ce ma Turai."

"To rufe nashi yanzu. Ga ta nan zaune, mun san shi ne."

Amma manhajar ba ta rufe kiran yaro sai an haɗa shi da takardar rasuwarsa, don kada a yanke wa mai rai magani bisa kuskure. Takardun da Ardo Muttaka ya aiko da daminar nan uku ne, duka maza, duka da sunan yanka da sunan uba. In ta ɗauki ta wani ta liƙa wa Modibbo, wancan yaron zai zauna ba takarda, uwarsa ta ci gaba da jin kira. Wayar Ardo ba ta shiga, sun yi gaba da shanu inda ba sabis. Dija kuwa ba za ta faɗi sunan ɗanta na fari ba, ba za ta faɗi na mijinta ba. Ba taurin kai ba ne, haka aka haife ta ta tarar.

Naja'atu ta ɗauki kwamfutar ta fita. Balaraba ta kori wata mai tallan gyaɗa da ta matso jin gulma, ta shigar da su ɗakin allura ta ja labule. Naja'atu ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafun Dija.

"Adda, laihina ne. An ba ni aiki in tsai da kiran nan, na yi sauri, ban duba naku ba. Ki yahe mini."

"Allah ya yahe muna duka."

"Akwai abu guda da ya rage, kuma ba ke kika rage shi ba, mu ne. Ba zan ce ki hwaɗi komi ba. Zan karanta sunaye ukku. Ke dai ki zauna."

Dija ta gyaɗa kai.

"Usama."

Dija na kallon labule.

"Abdulrashid."

Ta ɗan girgiza kai, ta ce a hankali, "Na ƙanwar mai gidanmu ne wannan. Ita ma wayar tana kiranta."

Naja'atu ta dubi suna na ƙarshe. Saura ɗaya, kowa a ɗakin ya san saura ɗaya, da ta so da ta tsaya a nan. Amma ta ga yadda Dija ta ɗago ta zuba mata ido tana jira, kamar mai jiran a kira ta a layi.

"Abdussamad."

Dija ta ja mayafinta ta rufe fuska gaba ɗaya. Ba ta yi ƙara ba. Kafaɗunta ne kawai ke motsi. Balaraba ta juya tana gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara, tana jan hanci tana cewa wannan ɗaki ƙura ta yi masa yawa.

Naja'atu ta goge layi ukun nan daga ɗaki na talatin da ɗaya, ta rubuta masa nasa, wanda ke bi ta sunan uwa. Ta haɗa takardar Abdussamad da Modibbo na Dija, ta haɗa ta Abdulrashid da yaron ƙanwar mijin Dija. Tana cikin yi ta ji numfashi a gefen kunnenta. Dija ta sauke mayafin ta sunkuyo tana kallon allon. Ba ta iya karatun boko ba.

"Wanne ne nashi?"

Naja'atu ta nuna mata. Dija ta ɗora yatsa a kan rubutun, ta bi shi daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali, sau biyu.

"Dogo ne," ta ce.

"Dogo ne, Adda."

"Muryata da ke ciki fa? Za a zubar?"

"Yadda kika ce. In kin so a goge, in kin so a bari."

Dija ta yi tunani. "A bar ta. Ranan ina jin daɗi. Kada dai ta sake nemana."

Ta miƙa wa Balaraba katin. Balaraba ta karɓa ta duba, ta mayar mata ta ce asibiti ba ya karɓar kati, ƙarya ce kuwa, akwai kwali guda cike da su a ƙarƙashin teburinta. Dija ta ƙulle shi a bakin zani tare da wayar. Bilyaminu ya samo mai babur ɗan garinsu da ya yarda da shi, ya kai ta har bakin rafi.

Daga ranar zuwa Laraba ba a ji dariya a ofishin nan ba. Suka raba ɗakunan, ita ashirin, shi ashirin, suna buɗe kowanne suna karantawa tun daga layin farko. A wani ƙauyen kaka ce ta yi rajista da sunan da take tsokanar jikanta da shi. A wani an sa wa yarinya sunan kakarta, gidan duka ba mai iya faɗa, sai Inna Ƙarama. Yara takwas suka ƙara samu waɗanda aka daɗe da binnewa waya na ta nemansu. Balaraba ta yi ta buga wa masu unguwanni, tana yi musu faɗa kamar su suka yi laifin, har aka haɗa kowanne da takardarsa.

Alhamis ƙarfe goma saura Naja'atu ta zauna gaban allo ta harɗe hannuwa. Kira ya fara fita ɗaki bayan ɗaki, lambobi na hawa suna wucewa. Da aka zo na talatin da ɗaya ta matso da fuska. Gida tara aka kira a Rugar Ardo Muttaka. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Lambar Dija ba ta ciki.

Bilyaminu ya ce, "Alhamdu lillahi." Naja'atu kuwa allon take kallo. Tana tunanin ko a daidai lokacin Dija na tatsa, ko ta ajiye ƙwaryar ta ciro wayar tana dubawa.

Juma'a ta koma Gummi. Ba ta ba da labarin komai ba, ta shige ɗaki ta kwanta da hijabinta. Inna ta leƙo sau biyu ta koma. Can bayan la'asar ta tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu.

"Turai, tuwo na hucewa."

"Na'am, Inna," ta ce, tun Inna ba ta rufe baki ba.